Yadda Zomon Gida Ke Sabawa da Sabon Keji a Ƙasar Yauri

Zomon gida yana cikin dabbobin da sauyin wurin zama ke wahalarwa ƙwarai. Kazar da aka sayo a kasuwar Yelwa da hantsi, kafin la'asar ta shiga tonon tsakar gida, amma zomon da aka sayo tare da ita yana iya shafe yini da kwana a lungun keji bai taɓa ko ganye ɗaya ba, kuma ƙin cin abincin nan kaɗai ya isa ya halaka shi. Sau da yawa asarar da masu kiwo ke yi a makon farko tana faruwa ne saboda abubuwa uku sun tarar wa dabbar lokaci guda: firgicin baƙon wuri, zafin rana, da baƙon abinci. Hanyar kauce wa haka ita ce a sauya wurin kawai, a bar sauran abin da zomon ya sani yadda yake, wato abincinsa da warin jikinsa da lokacin da ake kula da shi, har sai ya natsu. Wannan ƙa'ida ta shafi yaron da ke ajiye zomo ɗaya don sha'awa, ta kuma shafi matar aure ko ɗan fansho da ke kiwon zomaye don nama da kuɗin cefane a garuruwan Yauri da Ngaski da Shanga.

Halin zomo da tushen tsoronsa

Asalin zomon gida yankin Sifen da Fotugal ne, inda kakanninsa ke haƙa ramuka masu rassa a ƙarƙashin ƙasa suna zama jama'a-jama'a. Jinsinsa daban ne da zomon dajin da mafarauta ke kamawa a dazukan Shanga da Ngaski. Na daji a gindin ciyawa yake lafewa, ana haifar 'ya'yansa da gashi idonsu a buɗe, ba ya barbara da na gida, kuma ba kasafai yake rayuwa a keji ba. Na gida kuwa tsirara ake haifarsa, ido a rufe har kusan kwana 10. Ire-iren da suka yaɗu a Najeriya sun haɗa da New Zealand White, fari fat mai jan ido, da Californian mai baƙin kunne da baƙin hanci, da Chinchilla mai ruwan toka, da Dutch, amma galibin waɗanda ake gani a gidaje gaurayen waɗannan ne. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, tana cikin wuraren da aka daɗe ana nazarin kiwonsu a Arewa.

Halaye uku ne ke bayyana abin da ke samun zomo idan aka sauya masa wuri. Na farko, shi abin farauta ne. Idanunsa suna gefen kai, yana hango kusan ko'ina kewaye da shi har da sama, in ban da ɗan gaban hancinsa. Duk abin da ya sauko masa daga sama, ko da hannun mai shi ne, mahari yake ɗaukarsa. Ya fi walwala da asuba da magariba, tsakar rana kuwa hutawa yake yi. Yana kuma ɓoye ciwo, don haka kafin a gane ba shi da lafiya sau da yawa abin ya yi nisa.

Na biyu, da wari yake gane gidansa. A ƙarƙashin haɓarsa akwai wasu ƙananan ƙulli masu fitar da wari wanda hancin mutum ba ya ji, shi ya sa ake ganin yana goga haɓa a jikin kasko da ƙofa da katako. Yana kuma zaɓen lungu guda ya riƙa fitsari da kashi a nan. Sabon keji ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan alamomi. In kuma yana ɗauke da warin fenti ko na wani zomo ko na kyanwa, to abin ya ƙara tsanani.

Na uku, hanjinsa ba ya jure tsayawa. Zomo yana ci ne kaɗan-kaɗan sau da yawa cikin dare da yini, kuma ba ya iya amai. A hanjinsa akwai wata babbar jaka inda ƙananan ƙwayoyin halitta ke narkar da ciyawa. Daga nan kashi iri biyu ke fitowa: busasshe mai ƙwallo-ƙwallo wanda ke zubowa ƙarƙashin keji, da mai laushi mai sheƙi a manne da juna, wanda yake ci kai tsaye daga jikinsa da dare ko da asuba don ya sami furotin da bitamin. Firgici yana rage motsin hanjin. Idan motsin ya ragu sai iska ta taru, ciki ya yi ciwo, ciwon ya hana ci, rashin cin kuma ya ƙara tsayar da hanjin. Zomon da ya kai sa'a 12 bai ci ba kuma bai yi kashi ba yana cikin haɗari.

Yanayin gaɓar tafki

Tafkin Kainji ya samu ne a 1968 bayan an kammala madatsar ruwa a kan Kogin Kwara, kuma ya miƙe kimanin kilomita 135 daga madatsar zuwa wajen Yelwa. Zama kusa da shi yana da amfani ga mai kiwon zomo, domin ana samun ɗanyar ciyawa da ganyen lambu a lokacin da tudu ya bushe. Amma yanayin wurin yana da nasa sharuɗɗan.

Zafi shi ne babban makashi. Zomo ya fi jin daɗi tsakanin digiri 15 da 22 a ma'aunin Salshiyas. Da zarar an haura 30 sai cinsa ya ragu, daga 35 zuwa sama kuwa yana iya mutuwa cikin 'yan sa'o'i. Ba ya gumin da zai sanyaya shi, ta jijiyoyin kunnuwansa da saurin numfashi yake fitar da zafi. A Yelwa zafin rana a watannin Maris da Afrilu kan kai digiri 38 zuwa 40, sannan gab da saukar damina laima ta ƙaru, numfashin ya daina sanyaya jiki yadda ya kamata. Zomon da aka kawo baƙon wuri a irin wannan lokaci yana fama da tsoro da zafi a tare. Saboda haka lokacin da ya fi dacewa da sayen zomo ko sauya masa keji shi ne daga kaka zuwa tsakiyar hunturu, wato Nuwamba zuwa Janairu. In kuma dole ta sa a yi da bazara, sai a yi da asuba ko bayan la'asar sakaliya.

Damina tana kawo wata matsalar. Ruwan sama a yankin yana kai kusan milimita 1,000 a shekara. Gidaje da yawa suna sakin zomaye a daɓen ɗakin ƙasa su haƙa ramukansu, kuma ruwa na iya cika ramukan cikin dare ɗaya ya tafi da 'ya'yan. Ambaliya irin ta 2020, wadda ta lalata gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi, kan tilasta wa mutanen tungaye da tsibirai kwashe dabbobinsu cikin gaggawa. Gara kuma tana cin ƙafafun kejin katako. Waɗannan, tare da yaye da sayen sabon iri, su ne dalilan da suka fi sa a sauya wa zomo mazauni. Sanyin hunturu bai cika damun babban zomo ba, sai dai iska mai ƙura idan tana buga shi kai tsaye takan jawo masa atishawa da ciwon ido, kuma tana kashe jarirai marasa gashi.

Kejin da wurin ajiye shi

Ana gama shirya keji kafin zomo ya iso. Ga matsakaicin zomo mai nauyin kilo 2 zuwa 4, mafi ƙarancin girman da ya dace shi ne tsawon santimita 90, faɗin 60, tsayin 50 zuwa 60, yadda zai iya miƙewa gaba ɗaya, ya yi tsalle biyu ko uku, ya kuma tsaya a kan ƙafafun baya kunnensa bai taɓa rufi ba. Wanda ake ajiyewa don sha'awa, da zai yi shekaru a gida, yana buƙatar fiye da haka, da ɗan fili mai shinge da zai riƙa fitowa yana motsa jiki.

Kafintoci suna haɗa keji da katako da ragar waya, wasu kuma da gora ko tukurwa. Haƙoran zomo ba sa daina tsiro, na gaba suna ƙaruwa da kusan milimita 2 a mako, don haka zai gwigwiyi duk katakon da bakinsa ya kai. Shi ya sa ake kafa wayar ta ciki, katakon ya koma ta waje, kuma ba a shafa fenti ko maganin gara a inda zai iya lasa. Daɓen keji yana buƙatar kulawa ta musamman. Idon ragar ya zama kimanin santimita 1.3 da 2.5, ko tsakanin sandunan gora ya zama santimita 1 zuwa 1.5, yadda kashi zai wuce amma ƙafa ba za ta maƙale ba. Siririyar wayar kaji tana yanka tafin ƙafa. Ko da ragar mai kyau ce, ana ajiye ɗan allon katako a gefe guda don ya sami wurin hutar da ƙafafunsa, in ba haka ba gyambo kan fito a dunduniya.

Abin da aka fi mantawa shi ne maɓoya. Dabbar da kakanninta ke kwana a rami ba ta natsuwa a kejin da ake hango ta ta kowane gefe. Ƙaramin akwatin katako, ko kwali mai ƙofa biyu, ko babbar tukunyar ƙasa da aka kwantar a gefenta, duk suna biyan wannan buƙata. Tukunyar ta fi amfani da bazara saboda tana riƙe sanyi. Zomon da ke da wurin ɓuya ya fi saurin fitowa ya ci abinci a kan wanda ba shi da shi.

Ana ɗaga keji daga ƙasa kimanin santimita 80 zuwa mita 1, a ajiye shi a inuwa mai ɗorewa tun hantsi har yamma, kamar gindin darbejiya ko mangwaro ko ƙarƙashin rumfa. Rufin kwano tsirara yana tara zafi, sai a shimfiɗa masa zana ko ciyawa a sama, ko a bar tazara tsakaninsa da kejin. Gefen da iskar hunturu ke bugowa, wato arewa maso gabas, ana kare shi da asabari ko buhu, a bar sauran gefen iska na ratsawa don zarnin fitsari kada ya taru. Ana nisanta kejin daga murhu da wurin bandar kifi, domin hayaƙi yana cutar da huhun zomo, haka kuma daga janareta da injin niƙa. Kare da kyanwa da muzuru, ko ba su kai gare shi ba, kewaya kejin da suke yi da dare ya isa ya hana shi ci. Ɓera da gafiya suna cinye jarirai, maciji da guza suna shiga ta ƙaramar kafa, kwarkwasa kuma tana iya gamawa da 'ya'ya duka cikin dare. Masu kiwo kan tsoma ƙafafun kejin cikin gwangwanaye masu ruwa ko baƙin mai don tare ta.

Ɗaukowa da tafiya

Kafin a baro wurin mai sayarwa ana tambayar abubuwa uku: abin da zomon ke ci, lokacin da ake ba shi, da watanninsa. Ana karɓo abincin da zai ishe shi makon farko har zuwa a gama sauya masa zuwa sabo, da ɗan damƙin shimfiɗar da yake kwana a kai, da 'yan ƙwayoyin busasshen kashinsa. In da hali a haɗa da kaskon da ya saba ci a ciki.

Ɗaga zomo ta kunne, ko da yake an saba da shi a kasuwa, yana yi masa ciwo, yana kuma lalata gaɓar da yake sanyaya jiki da ita. Ƙasusuwansa marasa nauyi ne, ƙafafunsa na baya kuwa masu ƙarfi, don haka idan ya yi harbi yana reto a iska kashin bayansa na iya karyewa ya shanye. Ana sa hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗayan ya tallafi ƙugu, a manna shi da jiki, a cusa kansa a ƙarƙashin gwiwar hannu don duhun ya kwantar masa da hankali.

A hanya, kwando mai murfi ko kwali mai huji da yawa ya fi buhu, domin a buhun leda zafi da rashin iska na kashe shi kafin a isa. Ana shimfiɗa busasshiyar ciyawa a ƙasa don kada ya riƙa zamewa, a sa ɗan ganye mai ruwa. Wanda zai tsallako da shi a jirgin ruwa daga tsibiri zuwa Yelwa ko Wara sai ya ajiye kwandon nesa da injin da jarkokin fetur, ya lulluɓe samansa da ɗan jiƙaƙƙen zane bai toshe hujin ba. A kan babur kuwa ba a ɗaure shi kusa da salansa, kuma ba a barin sa a rana a shiga kasuwa. Ba a haɗa baƙin zomaye a kwando ɗaya.

Kwana ukun farko

Da isa gida ana zuba tsohuwar shimfiɗar a cikin maɓoya, a ajiye ƙwayoyin kashin a lungun da ake so ya riƙa bayan gida, nesa da kaskon abinci. Ruwa da abinci su riga shi shiga. Sannan a kara bakin kwandon da ƙofar keji a bar shi ya shiga da kansa, ko a sa shi a hankali, bayansa ya fara shiga. Ana rufe saman kejin da gefe biyu da zane mara nauyi, sai kowa ya janye.

Abin da ke biyo baya yana da tsari sananne. Da farko zomon zai shige maɓoya ko ya takure a lungu, kunnuwa a kwance, ido a zare, hanci na motsi da sauri. Idan gari ya yi shiru bayan magariba sai ya fara leƙowa. Yakan kafe ƙafafun baya wuri guda, ya miƙa wuya gaba iyakar iyawarsa, kunnuwa sun karkata gaba, ya shinshina, ya koma da sauri. Zai maimaita haka yana ƙara nisa kowane karo har ya kewaye kejin. Daga nan sai goga haɓa a jikin kasko da allo da bakin maɓoya, sannan ya ɗauki ganye na farko. In wani motsi ya razana shi yakan buga ƙafar baya a daɓe da ƙarfi, wadda ita ce hanyar da zomaye ke gargaɗin juna.

A waɗannan kwanaki ba a ɗaukarsa, ba a wanke kejin, ba a kuma sauya wa kaya wuri. Mutum ɗaya ne ya kamata ya riƙa kawo abinci, da sassafe da kuma gab da magariba, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa kafin ya buɗe ƙofa. Yara su ne jarrabawa mafi girma, domin sabon zomo kan tara 'yan unguwa, kowa na son ya taɓa. Ana iya ba su aikin tsinko ganye da cika kaskon ruwa, a bar su su zauna gefe su yi kallo shiru. Daga kwana na huɗu sai a fara miƙa masa ganye a hannu ta ƙofa, hannun yana ƙasa daidai fuskarsa ta gefe. Idan ya saba karɓa sai a shafa goshinsa. Ɗauka ita ce ta ƙarshe, kuma a zaune ake fara ta.

Abinci da ruwa

Makon farko abincin gidan da ya baro kawai ake ba shi. Bayan nan ake shigo da sabo cikin kwana 7 zuwa 10: kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan kwanaki, sannan rabi, sannan kashi uku, ana duba kashinsa a kowane mataki. Ƙwayoyin halittar da ke cikin hanjinsa suna buƙatar wannan lokaci kafin su iya narkar da baƙon abinci. Sauyin gaggawa shi ke kawo zawo da kumburin ciki.

Ginshiƙin abincin zomo shi ne busasshiyar ciyawa da harawar wake da ta gyaɗa, waɗanda ya kamata su kasance a gabansa dare da rana, a rataye ko a cikin ɗan kwando don kada ya tattake su. Su ne ke motsa hanji, su kuma rage tsawon haƙori. A kan wannan ake ƙara ɗanyen ganye kamar na dankali da zogale da ganyen karas, da ɗan dusar masara ko ta gero ko ta shinkafa, tafin hannu guda a yini ga babba. Dusa mai yawa ba tare da ciyawa ba tana lalata ciki. Wadda ta yi fumfuna saboda laimar damina kuwa zubar da ita ake yi.

Ciyawar bakin tafki, irin su burugu, tana da kyau, amma ana shanya ta a inuwa ta yi yaushi kafin a bayar, kuma ba a tara ta jiƙe a buhu, domin takan yi zafi ta fara ruɓa. Wadda aka yanko daga cikin ruwa mai katantanwa tana iya ɗauko tsutsar hanta, don haka busar da ita sarai ya fi aminci. Ƙasar Yauri ƙasar albasa ce, lawashi yana ko'ina da rani, amma albasa da lawashi da tafarnuwa suna lalata jinin zomo. Haka nan ana guje wa ganyen tumatir da na dankalin Turawa, da tumfafiya da zurma da zaƙami. Ganyen rogo sai ya kwana a shanye, kuma kaɗan ake bayarwa. Duk ganyen da aka tsinko daga gonar da aka yi wa feshin maganin ƙwari ko na ciyawa haɗari ne.

Akwai masu cewa zomo ba ya shan ruwa, ganye ya ishe shi. Wannan kuskure ne da ke kashe zomaye da bazara. Mai nauyin kilo biyu da rabi yana shan kusan rubu'in lita a yini, ya ninka haka da zafi, zomanya mai shayarwa kuwa tana iya kai lita guda. Kaskon ƙasa mai nauyi ya fi dacewa, domin ba ya kifewa kuma ruwan na yin sanyi a ciki. Zomon da ya saba sha a kasko ba zai gane kwalba mai bututu nan take ba, sai a bar masa duka biyun na ɗan lokaci. Malamai kan kafa hujja da hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, wajen nuna cewa cin dabbar da aka tsare da shanta suna wuyan wanda ya tsare ta.

Alamomin sabo da na haɗari

Ma'aunin da ya fi inganci shi ne abin da ke ƙarƙashin keji da safe. Ƙwayoyin kashi masu yawa, manya, girmansu ɗaya, shaida ce cewa hanji na aiki. In sun ƙanƙance, sun ragu, ko sun ɗauke, to akwai matsala ko da zomon na tsaye da ƙafafunsa. Sauran alamomin natsuwa su ne ya ci abinci ana kallonsa, ya zauna yana wanke fuska da ƙafafun gaba, ya kwanta ya miƙe ƙafafun baya, ko ya faɗi a gefensa ya yi barci. Yawanci ana ganin waɗannan cikin kwana uku zuwa mako guda, mai tsananin tsoro kuwa yana iya kai mako biyu ko uku.

Alamomin haɗari sun haɗa da takurewa wuri guda ido a lumshe, cizon haƙora da ƙarfi, kumburin ciki, zawo, majina, da karkacewar kai. Wanda zafi ya buga yana kwanciya a miƙe, kunnuwa sun yi ja da zafi, numfashi sama-sama, hanci da baki a jiƙe. Zomo ta hanci yake numfashi, saboda haka in aka ga ya buɗe baki yana haki, to ya kusa halaka. Nan take ake mayar da shi wuri mai sanyi, a shafa wa kunnuwansa ruwan randa, a yi masa fifita. Ba a tsoma shi cikin ruwa, ba a kuma zuba masa ruwan ƙanƙara. Don rigakafi ana rataya jiƙaƙƙen buhu a gefen da iska ke shigowa, a yayyafa ruwa a ƙasan kejin da rana tsaka.

Yaye, ciki da haɗa zomaye

'Yan yaye su suka fi rauni. Ana yaye su ne tsakanin mako 5 zuwa 8, kuma dabarar ita ce a ɗauke uwar a bar 'ya'yan a kejin da suka sani na mako ɗaya ko biyu, sannan a mayar da su sabon wuri tare, ba ɗaya-ɗaya ba. Ana raba maza da mata kafin su cika wata uku zuwa huɗu.

Cikin zomanya kwana 28 zuwa 33 ne, galibi 31. In za a sauya mata keji, a yi tun da sauran aƙalla mako biyu. Ana sa mata akwatin haihuwa da busasshiyar ciyawa a kwana na 27 ko 28, ita kuma ta tsige gashin cikinta ta shimfiɗa. Wadda aka tayar gab da haihuwa tana iya zubar da 'ya'yan a kan waya, ko ta ƙi su, ko ta cinye su. In ambaliya ta tilasta kwashe mai jego, ana ɗaukar akwatin gaba ɗaya da gashin da ke ciki. Sau ɗaya take shayarwa a yini, na 'yan mintuna, yawanci cikin dare, don haka rashin ganin ta a kansu ba ya nufin ta yashe su. Cikinsu ake dubawa da safe, in a cike yake to suna sha.

Wajen barbara, mace ake kai wa kejin namiji, a dawo da ita da an gama, domin tana kare nata kejin da cizo da yakushi. Manyan maza biyu ba sa zama keji ɗaya. Mata biyu baƙin juna ana fara ajiye su a keji biyu maƙwabta, ana musanya musu shimfiɗa na 'yan kwanaki, sannan a haɗa su a wurin da ba na kowacce ba, ana tsaye a kansu. Zomon da ya tashi a daɓen ƙasa kuma, idan za a mayar da shi kejin waya, ana rufe rabin ragar da allo da ciyawa, a rage a hankali yayin da ƙafafunsa ke sabawa.

Killacewa da magani

Sabon zomo ba ya shiga cikin na gida sai ya yi aƙalla mako biyu a keɓe, wata guda ya fi. A wannan lokaci ake duba ƙazuwa a hanci da ƙafafu, da ɓawon da ƙwari ke tarawa a cikin kunne, da atishawa da zawo. Ana kula da na gida tukuna, sannan baƙon, a wanke hannu bayan nan. Muhimmancin wannan ya ƙaru tun 2020, lokacin da aka tabbatar da ɓullar cutar zubar jini ta zomaye a Najeriya, a jihohin da suka haɗa da Kwara. An fara ganin cutar a ƙasar Sin a 1984, wani sabon nau'inta kuma ya bayyana a Faransa a 2010. Tana kashe zomaye farat ɗaya, wani lokaci da jini a hanci, ba ta da magani sai rigakafi, kuma ƙwayarta tana daɗewa a jikin keji da takalmi da tufafi. Saboda haka tsohon kejin da aka sayo ko aka aro ana kankare shi, a wanke da sabulu, a jiƙa da ruwan bilic kashi ɗaya cikin ruwa kashi goma, a ɗauraye, a shanya a rana na kwanaki. Mutuwar zomaye da yawa lokaci guda abu ne da ake kai rahotonsa ofishin kula da lafiyar dabbobi na ƙaramar hukuma, inda za a iya tura samfuri cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato.

Al'adar zuba wa sabuwar dabba maganin kaji a ruwa don kariya tana da haɗari ga zomo. Magunguna irin su amoksisilin da amfisilin da linkomaisin, idan aka ba shi ta baki, suna kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke hanjinsa, su jawo zawo mai kisa. Wasu abincin kajin gidan gona ma suna ɗauke da sinadaran da jikin zomo ba ya ɗauka. Ƙazuwa da ƙwarin kunne ana maganinsu da ibamektin, amma gwargwadon nauyin dabbar ake auna shi, kuma likitan dabbobi ne ke faɗin adadin. Idan wa'adin killacewa ya cika, zomon yana ci sosai, kashinsa daidai, fatarsa da kunnensa da hancinsa a tsabtace, sai a matsar da kejinsa kusa da na sauran, a kuma fara sharar mako-mako, ana barin ɗan tsohuwar shimfiɗa a ciki duk lokacin da aka zuba sabuwa.